Na'urar birkin tirela tana cewa ba a haɗa tirela ba, wani lokaci kuma ta nuna shot: daga ina zan fara?

Mai Akori-kura:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san birkin tirela mai aiki da lantarki. Ina jan tirela mai aksil biyu da akori-kurata, wato birki huɗu ke nan, kuma na'urar sarrafa birkin da ke ƙarƙashin dashbod irin wadda take auna yadda mota ke rage gudu ce. Ba da ita motar ta zo daga kamfani ba, daga baya aka ɗaura ta, kuma ta shekara uku ba ta ba ni matsala ba. Yau kusan wata guda ke nan, ina cikin tafiya sai allonta ya riƙa walƙiya da haruffan n.c., wato ba a haɗa tirela ba, alhali fulogi yana zaune daram a cikin soket, bayan ɗan lokaci kuma sai ya koma daidai. Sau biyu, duka a kan hanya mai gargada, ta nuna mini S.H., wato shot, waya mai wuta ta taɓa ƙarfe. Abin da ya fi damuna shi ne, ko a lokacin da allon ke nuna komai lafiya, idan na taka birki sai in ji tirelar tana turo ni daga baya, duk da cewa na ƙara lambar ƙarfi har kusan ƙarshe. Na duba fis, lafiyarsa ƙalau. Shin na'urar ce ta mutu in sayi sabuwa, ko akwai inda ya kamata in fara dubawa?

Direban Dogon Zango:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na'urar da ta riƙa faɗin abu biyu masu saɓa wa juna, yanzu ta ce babu tirela, an jima ta ce waya ta taɓa ƙarfe, a ganina ta rikice ne daga ciki. Ni ma tawa ta taɓa yi mini irin wannan, na canza ta, magana ta ƙare. Abin lantarki idan ya fara ruɗewa ba a lallaɓa shi, musamman abin da ran mutum ya rataya a kansa.

Malam Mai Waya:
Malam Direba, ina girmama kwarewarka a kan hanya, amma a nan ban bi bayanka ba. Saƙonnin biyu ba sa saɓa wa juna. Na'urar ba ta ganin tirela da ido. Abin da take yi shi ne, lokaci-lokaci tana aika ɗan ƙaramin bugun wuta ta shuɗiyar waya mai kai wuta zuwa birkin tirela, ta saurara ko wutar ta bi ta cikin maganaɗisun birki ta dawo. Idan ba ta dawo ba, sai ta ce ba a haɗa tirela ba. Idan kuma ta dawo da yawa fiye da kima, kamar ba ta gamu da wani abu a hanya ba, sai ta ce akwai shot. Duka biyun labari take bayarwa a kan abin da ke wajenta, kuma waya ɗaya da ta goge tana iya haddasa su duka, ko kuma a ce laifi biyu ne suka haɗu. Wanda ya kawo labarin gobara ba shi ake kamawa ba.

Malam Mai Akori-kura, kafin ka sayi komai, raba aikin gida biyu a daidai fulogi: abin da ke gabansa na mota ne, abin da ke bayansa na tirela ne. Fara da mota. Na'urar tana da waya huɗu. Baƙar tana ɗauko wuta daga batir, farar ita ce wayar ƙasa wadda wuta ke komawa ta cikinta, jar tana zuwa daga makunnin fitilar birki don ta sanar da na'urar cewa an taka feda, shuɗiyar kuma ita ke kai wuta baya zuwa tirela. Idan ka tsaya a bayan mota kana kallon soket mai baki bakwai, ka ɗauke shi kamar fuskar agogo: bakin birki yana wajen ƙarfe biyar, na wayar ƙasa yana wajen ƙarfe bakwai. Ka haɗa kwan fitila na gargajiya mai zare tsakanin waɗannan biyu, wani ya ja libar hannu ta na'urar, wadda ke kama birkin tirela ba tare da an taka feda ba, a hankali. Kwan ya kamata ya fara da ɗan haske, ya riƙa ƙaruwa har ya cika. Kada ka yi amfani da 'yar fitilar gwaji ta LED, domin wutar da take ja ba ta kai na'urar ta ɗauke ta a matsayin tirela ba, sai ta yaudare ka.

Wani abu kuma, ka ce ka duba fis. Baƙar wayar nan ba fis ya kamata a sa mata ba, abin yanke wuta mai mayar da kansa ake sa mata, mai amfiya 20 ga birki huɗu, ko 30 ga birki shida zuwa takwas. Dalili kuwa, fis idan ya ƙone a kan gangara ka rasa birkin tirela gaba ɗaya, wancan kuwa yana hucewa ya dawo.

Mai Akori-kura:
Na gode, Malam. Na yi gwajin da kwan fitilar birki na mota. Ya yi yadda ka faɗa: haske kaɗan a farko, ya cika da na ja libar har ƙarshe, kuma duk tsawon lokacin allon bai nuna n.c. ba, ko da na girgiza wayoyin bayan soket da hannu. Amma da na taka feda maimakon liba, hasken ya yi rauni ƙwarai. Ko wannan yana nufin jar wayar ce ke da matsala? Batun fis kuwa, gaskiyarka, fis wanda ya ɗaura mini na'urar ya sa, zan canza shi.

Ɗalibin Injiniya:
Yaya, da izinin manya zan amsa wannan. Jar wayar ba ta da laifi, tunda kwan ya kama da ka taka feda. Da saƙon bai isa ba, da ba zai kama ba ko kaɗan. Raunin hasken ya samo asali ne daga irin na'urarka. A cikinta akwai abin da ke jin yadda mota ke rage gudu, tsofaffi suna da wani ɗan ƙarfe mai lilo, sababbi kuma suna da ma'aunin lantarki, kuma gwargwadon abin da ya ji ne take sakin wuta. Mota a tsaye ba ta rage gudu, don haka ba ta da dalilin bayar da wuta mai yawa. Libar hannu ce ke tsallake wannan lissafi ta ba da dukan ƙarfin da aka saita, shi ya sa da ita ake gwaji a tsaye. Haka kuma wutar da take fitarwa a gutsure take, tana kunnawa tana kashewa da sauri, yawan lokacin da take a kunne shi ne ƙarfin birki. Saboda haka idan aka sa mita a bakin soket babu wani kaya a kai, lambar da za ta fito ba abin dogaro ba ce.

Tsohon Bakanike:
Yaran nan kun tafi wajen waya, kun bar taya. Ni shekarun da na yi ina buɗe kwanon birki, wato ƙarfen da ke juyawa tare da taya, sun koya mini cewa kafin a zargi lantarki a kan birki mai rauni, sai an tambayi yaushe rabon da a ɗaure takalman birki, waɗanda ke matse kwanon daga ciki. Ku tuna yadda abin yake aiki. Maganaɗisu ba shi ke tsayar da tirela ba. Yana rataye ne a ƙarshen wani hannun ƙarfe a cikin kwano. Idan wuta ta shige shi sai ya manne wa fuskar kwanon ta ciki, kwanon yana juyawa ya ja shi, jan nan ya karkata hannun, hannun ya buɗe takalma su matse kwano. Idan takalman sun cinye sun yi nisa da kwano, hannun zai tafi iyakarsa bai matse komai ba, ko da ka ba shi wutar duniya. Ɗana Mai Akori-kura, birkinka irin mai ɗaure kansa ne, ko sai an sa hannu? Kuma bayan ka yi tafiya, ka taɓa kusantar da hannunka ga tayoyin huɗu ka ji ko zafinsu ɗaya?

Mai Akori-kura:
Baba, Allah ya ƙara girma. Irin wanda ake ɗaurewa da hannu ne, akwai ɗan rami mai murfin roba a bayan farantin kowane birki, kuma in faɗi gaskiya tun da na sayi tirelar ban taɓa buɗe shi ba. Batun zafi kuwa, ka tuna mini da wani abu: makon jiya bayan na sauko daga gangara, na lura tayar baya ta dama ba ta yi ɗumi kamar sauran ba, kuma idan na ja liba tirelar tana ɗan fizgowa hagu.

Direban Dogon Zango:
To, na janye maganar canza na'ura, tunda kwan fitila ya wanke ta. Amma me ya sa za a wahala da mita? Ka ɗaga tirelar da jak, ka zare fil ɗin makunnin gaggawa, wanda ke kama birki idan tirela ta tsinke daga mota, sannan ka juya tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ci gaba da juyawa ita ce mai laifi. Minti biyar ka gama.

Hajiya Mai Dawaki:
Malam Direba, gwajin yana da amfani, amma ka bar sharaɗi mafi muhimmanci. Dole ne a cire fulogin tirela daga mota kafin a zare fil ɗin nan. Makunnin gaggawa yana zuba wutar batirin tirela kai tsaye a kan shuɗiyar waya, kuma idan fulogi yana haɗe, wutar za ta koma baya ta shiga na'urar ta bakin da aka yi don fitarwa. Masu ƙera na'urorin da kansu suna gargaɗi cewa hakan na iya lalata su. Da sai ɗan'uwanmu ya ƙona na'urar da muka gama wankewa, ya dawo ya ce ashe Direba ne ke da gaskiya.

Na biyu, kada a bar fil ɗin a zare na dogon lokaci, domin maganaɗisun suna shan cikakkiyar wuta ba hutawa, suna zafi, batirin kuma yana ƙarewa. Ina ganin masu yin haka a madadin birkin ajiye tirela, abin yana ba ni mamaki. Ni da nake jan dabbobi masu rai, wannan ƙaramin batirin ina gwada shi kafin kowace doguwar tafiya, domin a Amurka dokar motocin kaya ta tanadi cewa birkin gaggawa ya iya riƙe tirela aƙalla minti 15 bayan ta tsinke, kuma ni ma da wannan ma'aunin nake aiki. Idan batirin ya yi sanyi, gwajin Malam Direba zai nuna dukan tayoyin suna da rauni, mutum ya shiga neman laifin da babu shi.

Malam Mai Waya:
Hajiya ta gama magana a kan wannan. Ƙari ɗaya: idan taya tana sama, ba ta kamawa nan take, sai ta ɗan juya tukuna, saboda dalilin da Baba ya bayyana, cewa juyawar kwano ce ke jan hannun. Kada wannan ya ruɗe ka.

Sai dai gwajin juya taya yana nuna wadda ta mutu ne kawai, ba ya nuna ko sauran suna samun wutar da ta ishe su. Shi ya sa nake son a auna amfiya, ba volt kaɗai ba. Waya mai silli ɗaya da ya rage a cikinta za ta nuna maka volt 12 cif a mita, amma da zarar an ɗora mata kaya sai ta durƙushe. Maganaɗisun birki mai inci 10 ko 12 yana jan kimanin amfiya 3, juriyarsa ga wuta kuma, wadda ake aunawa da om, ta kai 3 da ɗoriya. Naka huɗu ne a jere da juna, kowanne yana shan nasa daga waya ɗaya, don haka jimillarsu ta kusa amfiya 12. Idan ka ga 9, ɗaya ba ya aiki. Idan ka ga 6, biyu ne. Idan lambar ta faɗo tsakanin waɗannan, akwai inda wuta ke wahala a hanya.

Ga yadda za ka yi. Cire fulogi, kuma ka sauke tirelar daga kan ƙwallon ja, wato ƙwallon ƙarfen bayan mota da ake maƙala ta a kai, ta tsaya a kan ƙafarta ba ta taɓa mota ta ko'ina. Wannan sharaɗi ne, zan faɗi dalilinsa idan ka kawo sakamako. Samo cikakken batir, ka kai ƙafarsa mai alamar ƙari zuwa bakin birki na fulogin tirela ta cikin fis mai amfiya 20, ƙafar ragi kuma zuwa bakin farar waya. Ka auna da mita mai baki irin na ƙaguwa, amma ka tabbata tana auna wutar batir, domin da yawa daga cikinsu wutar gida kaɗai suke ji. Kada ka bi da wutar ta cikin ƙaramar mitar hannu, yawancinsu iyakarsu amfiya 10 ne. Bayan ka rubuta lambar, sai ka cire ƙafar ragi daga fulogi, ka kankare wani wuri a jikin shasin tirela har ƙarfe ya yi fari, ka maƙala ta a nan, ka sake aunawa. Daƙiƙa kaɗan sun isa kowane awo.

Mai Akori-kura:
Na aro mitar na yi duka biyun. Ta bakin farar waya na sami amfiya 7 da ɗigo 1, lambar tana ɗan rawa. Da na maƙala a jikin shasi kai tsaye sai ta haura zuwa 9 da ɗigo 3, ta tsaya cak. Na kuma sa ƙaramar mita tsakanin shasi da ƙafar ragi ta batir a lokacin awon farko, ta nuna volt 3 da 'yan kai. Malam, ina sauraron fassara.

Malam Mai Waya:
Madalla, lambobin nan sun faɗi komai, kuma laifi biyu ne kamar yadda na yi zato.

Na farko yana kan farar waya. Bambancin da ke tsakanin 7 da 9 shi ne abin da hanyar komawa take cinyewa, kuma volt 3 ɗin da ka gani shaida ce: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar batir yana ɓacewa a wannan haɗin kafin ya amfani birki, alhali a haɗi mai kyau bai kamata ya kai rabin volt ba. Bi farar wayar daga fulogi har inda aka ɗaure ta da noti a jikin shasi, kusa da wuyan tirela, ina kyautata zaton za ka tarar da tsatsa ko koren gari a ƙarƙashin zoben. Dalilin da ya sa na ce ka sauke tirelar daga ƙwallo ke nan: idan tana haɗe da mota, wuta tana samun ɓarauniyar hanya ta bi ta ƙwallon ja ta koma, sai laifin ya ɓuya. Amma ƙwallo abu ne mai motsi, yanzu ya manne, an jima ya saki, kuma duk lokacin da ya saki sai na'urar ta nemi tirela ta rasa. Ga n.c. ɗinka nan. Mai yiwuwa ma fitilun bayan tirelar suna dushewa idan aka ja liba da dare, domin su ma ta wannan hanyar suke komawa.

Na biyu shi ne 9 ɗin kanta. Maganaɗisu uku ke aiki, kuma ka riga ka gaya mana wanda ya yi shiru, wato na baya ta dama. A yawancin tireloli wayar birki tana sauka ne a gefe ɗaya, sannan ta ratsa ta cikin bututun aksil zuwa ɗaya gefen. A cikin bututun ba a ɗaure take ba, tana kwance tana gogar ƙarfe shekara da shekaru, har rigarta ta cinye. Idan ta tsinke, birkin can ya mutu. Idan tsinkakken bakin ya yi tsalle a kan gargada ya taɓa bututu, na'urar ta ga shot. Wannan ya dace da cewa S.H. a hanya mara kyau kawai yake fito maka.

Mai Akori-kura:
Malam, maganar ƙwallo ta sa na yi shiru na ɗan lokaci. Kusan wata guda da ya wuce na wanke ƙwallon na shafa masa giris mai kauri saboda ƙarar da yake yi, kuma daga wannan makon ne n.c. ya fara. Ashe tun tuni tirelar ta ƙwallo take samun hanyar komawa ban sani ba. Shin in goge giris ɗin?

Ɗalibin Injiniya:
A'a, Yaya, bar giris ɗinka, aikinsa yake yi. Bai haifar da laifin ba, tona shi ya yi. Ƙwallo na jan tirela ne, farar waya ce ta komawar wuta, idan aka gyara ta babu ruwan na'urar da abin da aka shafa wa ƙwallo.

Ina da tambaya ga Malam Mai Waya, don in ƙaru. Me ya sa ba a auna om a bakin fulogi ba tun farko, tunda ya fi sauƙi kuma ba ya buƙatar batir?

Malam Mai Waya:
Ƙanena, yi lissafin ka gani. Maganaɗisu huɗu masu om 3 da ɗigo 2 da ke shan wuta daga waya ɗaya suna ba da sifili da ɗigo 8, uku kuma suna ba da 1 da ɗan kai. Tazarar ba ta kai ɗigo 3 ba, kuma wayoyin mitar kansu da dattin bakin fulogi suna iya ƙara abin da ya kai haka. Awon om yana da amfani idan an ware maganaɗisu ɗaya, ba a kan taron su ba.

Wannan ne ma ya kawo mu mataki na gaba. Malam Mai Akori-kura, kada ka ɗauka lallai wayar bututu ce sai ka wanke maganaɗisun. Yanke wayoyinsa biyu a bayan faranti ka auna tsakaninsu: idan ka sami om 3 zuwa 4, zarensa lafiya, idan mita ba ta nuna komai ba, ya tsinke a ciki. Sannan ka auna tsakanin kowace waya da jikin ƙarfen aksil. A nan bai kamata a sami wata alaƙa ba sam, idan an samu to shot ɗin a cikin maganaɗisun yake ko a wayarsa da ke cikin kwano. Wayoyin nan biyu ba su da gaba da baya, kowacce za ta iya zama ta wuta, don haka kada ka damu da wacce ce wacce wajen mayarwa.

Tsohon Bakanike:
Tunda har zai kwanta a ƙarƙashin tirela, to ya buɗe kwanon ma ya duba, kada a yi aiki biyu. Ɗana, abu uku za ka duba. Fuskar maganaɗisu ta kasance a miƙe sumul. Ɗora ƙarfe madaidaici a kai, idan ta cinye ta gefe ɗaya ko jan zaren cikinta ya fara leƙowa, ta gama aiki, kuma idan za a canza ana canza na gefe biyu na aksil ɗin tare don kada birki ya rinjayi gefe. Fuskar kwanon da yake mannewa kada ta yi zurfin zane. Sannan giris: idan sil ɗin boris ya saki, giris ya malalo kan takalma, wannan birki ko dai ya riƙa santsi ko ya riƙa cafka ba zato, kuma takalmin da ya sha giris ba a wanke shi, canza shi ake yi.

Ɗaurewa kuwa ba wuya. Ɗaga taya, ka tokare tirelar da abin da ya fi jak aminci, cire murfin robar, ka sa sukudireba ka juya ɗan ƙarfen nan mai haƙora kamar tauraro har tayar ta yi wuyar juyawa da hannu, sannan ka sassauta kaɗan-kaɗan har ta juya da ɗan gogawa mara ƙarfi. Ka yi wa huɗun iri ɗaya. Ƙa'idar da masu ƙera aksil ke bayarwa ita ce a ɗaure bayan kilomita 300 da 'yan kai na farko, daga nan kuma kusan kowace kilomita 5,000. Kai kuwa ka shekara uku.

Direban Dogon Zango:
Ni dai duk wannan ya ƙara mini son tsohuwar na'ura mai ƙidayar lokaci, wadda da ka taka feda take fara sakin wuta tana ƙarawa har ta kai inda ka saita. Ba ta da allo mai surutu, ba ruwanta da yadda aka karkata ta wajen ɗaurawa, kuma ana gwada ta a tsaye da feda.

Hajiya Mai Dawaki:
Rashin surutun nan shi ne aibinta, Malam. Da irinta ɗan'uwanmu yake da ita, da ya ci gaba da tafiya da birki uku da ruɓaɓɓiyar wayar ƙasa, babu mai gaya masa. Kuma ba ta bambanta taka birki a hankali cikin cunkoso da taka shi don ceton rai, ƙarfi ɗaya take bayarwa a kan jadawali ɗaya. Dawakaina sun san bambancin kafin ni. Ba banza ba ne kamfanin Ford, da ya fara saka na'urar a cikin manyan akori-kurarsa tun daga masana'anta a ƙirar 2005, ya yi ta mai bin ƙarfin taka birki.

Mai Akori-kura:
'Yan'uwa, ga abin da na tarar. Zoben farar waya yana ɗaure ne a kan fenti da tsatsa, da na taɓa shi sai ya karye a hannuna. Na kankare wurin da samfefa, na sa sabon zobe da sabon noti, na shafe shi don kada ruwa ya shiga. Maganaɗisun baya ta dama ya nuna om 3 da ɗigo 4, kuma ba shi da alaƙa da ƙarfe, don haka na jawo wayar cikin bututu. Ta fito da wuri biyu a goge, ɗaya ya tsinke sarai, bakinsa ya yi baƙi kamar an ƙona. Ban mayar da sabuwar cikin bututun ba, na sa ta a rigar roba na ɗaure ta a bayan aksil ta waje, na bar mata ɗan sako a gefen taya saboda motsin sifirin. Ta aksil ɗin gaba ma na canza ta, tunda shekarunsu ɗaya. Awon amfiya ta bakin farar waya yanzu 11 da ɗigo 8 ne.

Baba, kwanukan babu giris, maganaɗisun duka a miƙe suke, amma kowane tauraro sai da na juya shi da yawa kafin takalma su taɓa kwano. Na kuma maye gurbin fis da abin yanke wuta mai amfiya 20. Na zagaya da tirelar a kan gargada, allon bai ce komai ba. Sai dai yanzu wata sabuwa ta fito: da na taka birki tayoyin tirela suna kullewa suna jan ƙasa.

Tsohon Bakanike:
Wannan ba sabuwa ba ce, ɗana, lambar ƙarfin da ka kai ƙarshe lokacin da birki ba ya kamawa ita ce har yanzu a wurin. Mayar da ita tsakiya. Nemi miƙaƙƙiyar hanya busasshiya wadda babu motoci, ka taka birki sau da dama ya ɗan yi ɗumi, sannan a gudun kilomita 40 ka ja libar hannu har ƙarshe ba tare da ka taɓa feda ba. Idan tayoyi sun kulle, rage. Idan ba ka ji tirelar ta riƙe mota sosai ba, ƙara. Inda kake nema shi ne ƙasa kaɗan da inda suke kullewa. Kuma ka sani lambar da ta dace da tirela cike da kaya za ta kulle tayoyinta idan babu kaya, don haka duk lokacin da nauyi ya canza sai ka sake saitawa.

Mai Akori-kura:
Na yi haka, Baba. Babu kaya ta zauna a 4 da rabi, da kaya kuma a 7, tirelar ta daina turo ni kuma ba ta fizgowa hagu. Bayan na sauko daga gangarar nan na zagaya tayoyin huɗu, ɗuminsu ɗaya. Saura batirin gaggawa da Hajiya ta ambata. Na cire fulogi na zare fil, birki ya kama, amma kafin minti biyu ƙugin maganaɗisun ya yi ƙasa har na daina jin sa. Malam Mai Waya, batirin ne ya tsufa, ko kuwa wayar da ke caja shi daga mota ce ba ta kawo wuta?

Malam Mai Waya:
Auna bakin da ke wajen ƙarfe ɗaya a soket ɗin mota, injin yana aiki. Ya kamata ka ga volt 13 da rabi zuwa 14 da 'yan kai. Idan babu, nemi fis ko rile na wannan layi a akwatin fis da ke gaban mota. Idan akwai, ka tuna cewa shi ma cajin ta ruɓaɓɓiyar farar wayar nan yake komawa duk tsawon wannan lokaci, don haka ka caja batirin ya cika a waje, ka bar shi ya kwana, ka auna shi da safe kafin ka yanke masa hukunci.